Kundin aiki: darussan annabawa a kan laifin al'umma, bautar gumaka da hukuncin Allah

11 ga Janairu 2025

Dattawan ikkilisiya sun amince da aikin. Za a rubuta ɗan littafi mai darussa 12 don ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba, a kan abin da annabawa suka faɗa game da hukuncin Allah a kan al'umma. Kowane darasi sai an gwada shi a aji tukuna, a gyara, sannan a naɗi murya a tura wa masu bishara na ƙauyuka ta WhatsApp. Bugawa a takarda sai daga baya, in kuɗi sun samu.

Annabawa huɗu na ɗauka, darasi uku-uku: Amos, Yusha'u, Irmiya da Ezekiyel. Bisa zamaninsu zan bi su. Amos da Yusha'u sun yi wa mulkin arewa, wato Isra'ila, magana a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, kafin Assuriya ta ci Samariya a 722. Irmiya da Ezekiyel kuwa sun ga ƙarshen mulkin kudu, Yahuza, har zuwa ranar da sojojin Babila suka ƙone Haikali a 587 ko 586, bisa lissafin da mutum ya bi. Ishaya da Mika za su riƙa leƙowa nan da can, amma ba su da darasi nasu. In na buɗe Ishaya, aikin nan ba zai ƙare bana ba.

Abin da ya tayar da maganar tun farko shi ne yadda muke amfani da littattafan nan. Da zarar wata masifa ta auku, ambaliya ce ko tsadar hatsi ko hari, sai ka ji an tsinko aya ɗaya an ɗora ta a kan wasu mutane can. Saboda haka na kafa wa ajin ƙa'ida: sura sukutum za a karanta da babbar murya, kuma kafin wani ya ce "ai wannan su wane ne", sai an amsa wa ke magana, da wa yake yi, kuma wane laifi aka ambata da sunansa.

23 ga Janairu

Jiya muka gwada darasi na 1, Amos sura 1 da 2. Na rataya taswira a jikin allo, na sa wani matashi ya riƙa nuna kowace ƙasa da sanda yayin da ake karatu. Amos mutumin Tekowa ne a ƙasar Yahuza, makiyayi, ya haura arewa a zamanin sarki Yerobowam na biyu, ɗan Yehowash, wajen shekara ta 760. Lokaci ne na wadata: Yerobowam ya yi shekara 41 a gadon sarauta, ya komo da iyakokin da aka ƙwace wa Isra'ila, kasuwa tana ci. Littafin ya ɗaure kansa da wata girgizar ƙasa da ta zo shekara biyu bayan wa'azin, wadda har zamanin annabi Zakariya ba a manta da ita ba.

Amos bai fara da masu sauraronsa ba. Ya fara da Dimashƙu, wadda ta sussuke mutanen Gileyad da abin sussuka na ƙarfe. Sai Gaza da Taya, waɗanda suka kwashe gari guda suka miƙa wa Edom bauta. Sai Edom, da ya bi ɗan'uwansa da takobi. Sai Ammon, da suka tsaga cikin mata masu juna biyu don su faɗaɗa iyakarsu. Sai Mowab, da suka ƙone ƙasusuwan sarkin Edom har suka zama toka. Sandar matashin tana ta zagaya taswira, arewa, kudu, gabas, ajin kuwa sai gyaɗa kai ake yi, wasu na cewa "gaskiya ne". Daga nan sanda ta sauka a kan Yahuza, sannan a kan Isra'ila kanta, inda tuhumar ta fi ta kowa tsawo: sun sayar da adali don azurfa, matalauci don takalmi sau ciki guda, suna kwance kusa da kowane bagade a kan tufafin da suka karɓa jingina, suna shan ruwan inabin tara a ɗakin allahnsu. Ɗakin ya yi tsit.

Na tambaye su, a cikin ƙasashe shida na farko, wace ce aka tuhuma da bautar gumaka? Aka koma aka duba aya-aya. Babu ko ɗaya. Dukansu masu gumaka ne, amma abin da aka kama su da shi rashin imani ne a yaƙi da cinikin mutane. Laifin Mowab ma ba Isra'ila aka yi wa ba, wani sarkin maƙwabta aka yi wa, duk da haka Ubangiji ya ce zai bi kadinsa. Maganar ƙin shari'ar Ubangiji da bin abubuwan ƙarya ba ta fito ba sai da aka iso kan Yahuza. Wannan ne kashin bayan littafin da nake rubutawa, kuma na ji daɗi da su da kansu suka gano shi. Sura 3 aya 2 ta ƙulle zancen: ku kaɗai na sani a cikin kabilan duniya, don haka zan hukunta ku. Wata mama daga zumuntar mata ta ce, "Malam, ashe laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Na roƙe ta in sa wannan a littafin, ta ce ai ba nata ba ne, na kakanni ne.

30 ga Janairu

Darasi na 2 gajere ne, tarihi ya fi yawa. Sai da na koma 1 Sarakuna 12 don a san daga ina maruƙan zinariya na Betel da Dan suka fito. Yerobowam na farko ne ya yi su bayan mulki ya rabu biyu, kuma littafin bai ɓoye dalilinsa ba: yana tsoron in mutane suka ci gaba da zuwa Urushalima hadaya, zuciyarsu za ta koma wurin Rehobowam sarkin Yahuza, su kashe shi. Ya naɗa firistocin da ba Lawiyawa ba, ya sa idi a rana ta 15 ga wata na takwas. Siyasa ce aka yi wa rigar sujada.

Shi ya sa maganar Amaziya firist ɗin Betel a Amos 7 ta fito fili ƙwarai. Ya aika wa sarki cewa Amos yana ƙulla masa makirci, ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganunsa ba. Ya ce wa Amos ya gudu Yahuza ya nemi abincinsa can, kada ya ƙara annabci a Betel, domin wurin sujadar sarki ne, haikalin mulki. Bai ce ɗakin Ubangiji ne ba. Amos ya amsa cewa shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba, makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure, Ubangiji ne ya ɗauko shi daga bin garke.

13 ga Fabrairu

Wani malamin makaranta a ajin ya kawo ƙorafi mai ma'ana. Ya ce take ya ce bautar gumaka, amma Amos kusan duk maganar kasuwa da kotu yake yi, gumaka sai jefi-jefi. Haka ne. Na sake fasalin darasi na 3 don ya fuskanci wannan kai tsaye.

Mutanen da Amos ke wa magana ba su daina sujada ba, ƙaruwa ma ta yi. A sura 4 yana yi musu ba'a, ku zo Betel ku yi zunubi, ku kawo hadayarku kowace safiya, zakkarku bayan kwana uku, ku yi shelar baikonku, tun da abin da kuke so ke nan. A sura 5 Ubangiji ya ce ya ƙi idodinsu, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne shari'ar gaskiya ta malala kamar ruwa. A sura 8 kuma sai ga 'yan kasuwa suna ƙosawa, yaushe tsayawar wata za ta wuce, yaushe Asabar za ta fita mu buɗe rumbu, mu rage ma'auni, mu ƙara nauyin dutsen awon kuɗi, mu haɗa da ƙaiƙayi mu sayar. Suna kiyaye ranar hutu sarai. Jikinsu na wurin sujada, hankalinsu na kan awo.

Na zo da mudu biyu aji, ɗaya lafiyayye, ɗaya an buga gindinsa ya shiga ciki. Na cika na farko da masara na juye a na biyu, ta yi tozo ta zube a kan tebur. Ba wanda ya nemi bayani. Abin da na rubuta a ƙarƙashin darasin shi ne, allahn da za ka iya rufe wa ido da hadaya alhali kana cutar mai sayen tiya ɗaya, ko da sunan Ubangiji kake kiransa, ba shi ba ne, wani ne ka ƙera wa kanka. A nan kasuwa da gunki suke haɗuwa a wurin Amos.

Na ƙara ɗan sakin layi a kan gidaje da gadajen hauren giwa da ya ambata a sura 3 da 6, domin masu tonon tarihi sun samu gutsattsarin hauren giwa da aka sassaƙa masu yawa a kangon Samariya a shekarun 1930. Matasa suna son irin wannan.

22 ga Fabrairu

Yusha'u ya ba ni wahala fiye da yadda na zata, ba don tarihi ba, don aji ne na maza da mata. Annabin ya auri Gomer 'yar Diblayim bisa umarnin Ubangiji, aurensu ya zama hoton Isra'ila da ta ci amanar Allahnta, 'ya'yansu ma aka raɗa musu sunaye masu ɗauke da hukunci. In ba a yi hankali ba, sai darasin ya koma wa'azi a kan mata, maza su zauna suna murmushi. Na rubuta gargaɗi ga mai koyarwa da manyan baƙaƙe: matar da ke cikin misalin al'umma ce gaba ɗaya, kuma waɗanda littafin ya fi kira da suna su ne firistoci, sarakuna da hakimai. Sura 4 aya 14 ma cewa ta yi ba za a hukunta 'yan matan ba, tun da mazan ne da kansu suke keɓewa da karuwai.

Abin da ya kama ajin shi ne zancen ruwan sama. Kan'aniyawa sun ɗauki Ba'al a matsayin mai hadari da tsawa, mai ba da damina. Ƙasar kuwa ba kamar Masar ba ce mai kogin ban ruwa, da sama ta dogara. Manomin Isra'ila bai ce ya bar Ubangiji ba. Ubangiji ya fito da kakanninsa daga Masar, ya yarda, amma gona fa? Sai ya raba: wannan na Ubangiji, wannan na Ba'al, don kada a yi biyu babu. Shi ya sa a sura 2 Ubangiji yake cewa ba ta sani ba ni ne na ba ta hatsi da ruwan inabi da mai, har da azurfa da zinariyar da ta yi wa Ba'al aiki da su. Manoman da ke ajin ba su yi wa mutanen nan dariya ba. Wani dattijo ya ce duk wanda ya taɓa shuka ya zuba wa sama ido mako uku ba ɗigo, ya san abin da ke kai mutum wurin boka.

Darasi na 5 na siyasa ne. Bayan mutuwar Yerobowam na biyu, sarakuna shida suka hau cikin shekara kusan 25, aka kashe huɗu daga cikinsu. Zakariya wata shida ya yi, Shallum wata ɗaya. Menahem ya sayi kujerarsa da talanti 1,000 na azurfa da ya ba sarkin Assuriya, ya tatso shekel 50 daga kowane mai arziki. Yusha'u ya kira Ifraimu, wato mulkin arewa, kurciya marar wayo, yau tana kiran Masar, gobe tana wurin Assuriya. A idonsa wannan ma bautar gumaka ce, dogara ga abin da ba zai iya ceto ba. Ƙarshenta Shalmanesar sarkin Assuriya ya kewaye Samariya shekara uku, Sargon na biyu kuma ya rubuta cewa ya kwashe mutum fiye da 27,000.

6 ga Maris

Yusha'u sura 11 na ajiye don darasi na 6, inda Ubangiji ke tuna yadda ya koya wa Ifraimu tafiya, yana tambaya ƙaƙa zan bashe ka. Ban ƙara bayani mai yawa ba, karantawa kawai ta isa.

An naɗi darussa shida na farko. Masu bishara sun ce sun yi tsawo, suna cinye musu data, don haka za a raba kowane biyu. Na je jin farashin bugawa, na tarar mai shagon yana tashi da wuri saboda azumi, sai bayan salla.

20 ga Maris

Irmiya 7 da 26 tare muka karanta jiya, domin labari ɗaya ne: ɗaya wa'azin, ɗaya abin da ya biyo baya. Farkon sarautar Yehoyakim ne, jim kaɗan bayan Fir'auna Neko ya kashe sarki Yosiya a Magiddo a 609. Yosiya ya riga ya rushe masujadan tuddai ya tsabtace Haikali tun 622, kuma mutane suna tune da yadda Sennakerib sarkin Assuriya ya zo Urushalima a 701 ya koma bai ci ta ba. Saboda haka suna da hujjar da suke ganin ba ta girgizuwa: wannan birni ba ya faɗuwa, Allah yana cikinsa.

Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali, ya maimaita musu kirarinsu sau uku, Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji, ya ce maganar ruɗi ce. Jerin laifin da ya kawo ya cakuɗa komai wuri ɗaya, sata, kisa, zina, rantsuwar ƙarya, ƙona wa Ba'al turare, zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa, sannan a shigo ɗakin nan a ce mun tsira. Ya ce sun mayar da shi kogon 'yan fashi. Na tsaya a nan na tambayi ajin me ɗan fashi ke yi a kogo. Wani ya ce fashi. Wani ya ce a'a, fashi a hanya ake yi, kogo wurin ɓuya ne bayan an gama. To shi ke nan. Irmiya ya ce su je Shilo su ga abin da ya sami wurin da sunan Ubangiji ya fara zama.

Gunkin da ya fi haɗari a wannan sura ba na itace ba ne. Akwai su dai: yara suna tara itace, iyaye maza suna hura wuta, mata suna kwaɓa gari don yi wa sarauniyar sama waina, gida guda kowa da aikinsa, akwai Tofet a kwarin Hinnom inda ake ƙona 'ya'ya. Amma abin da ya sa firistoci da annabawa suka kama Irmiya suka ce sai ya mutu shi ne ya taɓa Haikali. Ginin da aka yi don Allah ya koma laya. Waɗanda suka cece shi ma sarakunan fada ne da wasu dattawan ƙasa, da suka tuna cewa Mika mutumin Moreshet ya faɗi irin wannan magana a zamanin Hezekiya, kusan shekara 100 baya, ba a kashe shi ba, tuba aka yi. Wani annabin, Uriya ɗan Shemaiya, bai samu wannan sa'a ba. Har Masar aka bi shi aka kamo, Yehoyakim ya sare shi.

Darasi na 8 zai tsaya a kan sura 34, wadda da wuya ka ji an yi wa'azi a kanta. Babila ta kewaye birni, sarki Zadakiya da manya suka yi alkawari a Haikali, suka yanka maraƙi suka raba shi biyu suka ratsa tsakani, suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da rundunar Masar ta motso, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai kowa ya bi bawansa ya kamo. A wannan sura aka ce Lakish da Azeka ne kaɗai birane masu garu da suka rage, kuma a cikin wasiƙun da aka tono a Lakish a 1935, rubutattu a kan katangar tukwane, wani soja yana cewa suna duban alamar wutar Lakish, don ba sa iya ganin Azeka.

29 ga Maris

Mun yi doguwar magana da ɗaya daga cikin dattawa bayan ya karanta daftarin. Ya ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau, amma ka ji tsoro. Ƙasar nan tana ƙarƙashin hukunci, kowa ya sani, me ya hana ka faɗi saboda su wa?" Na ce, "Baba, ku ba ni zuwa darasi na 9, in bai amsa ba sai mu sake zama."

Darasi na 9 shi ne Irmiya 44. Urushalima ta riga ta faɗi, an kashe Gedaliya, gwamnan da Babila ta naɗa, sauran mutane sun gudu Masar sun tafi da Irmiya ba da son ransa ba. Can ya ce musu bautar gumaka ce ta jawo wannan duka. Sai taron, maza da mata, suka mayar masa da magana: lokacin da muke ƙona wa sarauniyar sama turare muna ƙoshi, ba mu ga masifa ba; tun da muka daina, takobi da yunwa suke cin mu. Matan suka ƙara da cewa ai ba a ɓoye wa mazajensu suka yi wainar ba. Duba fa, kango ɗaya suke kallo, su da annabin, kowa ya karanta shi yadda ya ga dama. Kuma in lissafin shekaru za a bi, suna da abin kamawa, domin bayan gyaran Yosiya ne abubuwa suka fara lalacewa.

Abin da na ɗauka daga nan, kuma na rubuta shi a fili, shi ne masifa ba ta zuwa da takardar bayani a wuyanta. Abin da ya sa maganar Irmiya ta tsaya ba don ya iya fassara bala'i bayan ya faru ba ne. Shekara kusan 40 ya yi yana faɗa tun kafin ya zo, yana kiran laifin da sunansa, a gaban mutanensa, ya sha duka da kurkuku da rijiyar laka a kai. Wanda ya jira sai ruwa ya ci gari sannan ya nuna maƙwabci da yatsa, ba aikin Irmiya yake yi ba. Na haɗa da Luka 13, inda aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada su zaci sun fi sauran zunubi. Baba ya karanta, ya ce bai gamsu duka ba, amma a bar shi haka, za a tattauna a aji. Na fi son haka da a ce ya yi shiru.

10 ga Afrilu

Ezekiyel 8 zuwa 11, darasi na 10. Shi firist ne da aka kwashe a 597 tare da sarki Yekoniya, yana zaune a bakin kogin Kebar a ƙasar Babila. A 592, dattawan Yahuza suna zaune a gabansa a gidansa, sai aka ɗauke shi cikin wahayi zuwa Haikali, aka zagaya da shi, kowane mataki ana ce masa za ka ga abin da ya fi wannan. A ƙofar arewa akwai siffar da ke tayar da kishi. Sai rami a jikin bango, aka ce ya haƙa, ya tarar da ƙofa, ya shiga: bango cike da zanen dabbobi da masu rarrafe, dattawa 70 kowa da kaskon turarensa a cikin duhu, suna cewa Ubangiji ba ya ganinmu, ya bar ƙasar. Sai mata suna makokin gunki Tammuz. Sai mutum wajen 25 a tsakanin shirayi da bagade, sun juya wa Haikali baya suna yi wa rana sujada. Bayan duk wannan, aya 17 ta ƙara da cewa sun cika ƙasar da zalunci. Ko a nan ba a raba su ba.

Na zana fasalin Haikali a allo muna bin sawunsa daga waje zuwa ciki, ajin ya lura da kansa cewa yadda ake matsawa kusa da wuri mai tsarki, haka abin ke ƙara muni, haka kuma masu yin sa ke ƙara girma. A sura 9 wani mai tufafin lilin da tawada a ɗamara ya sa alama a goshin waɗanda ke nishi da baƙin ciki saboda abin da ake yi, sannan aka ba da umarni a fara daga Haikali, aka fara da dattawan. Daga nan ɗaukakar Ubangiji ta tashi sannu a hankali, daga bakin ƙofa zuwa ƙofar gabas, daga can zuwa dutsen da ke gabashin birni. Hukuncin gaske ke nan a wurin Ezekiyel, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila ginin da ba kowa ciki suka zo suka tarar. Su kuwa waɗanda ke zaman bauta, da mutanen Urushalima ke wa kallon yasassu, su aka ce wa Ubangiji ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da aka warwatsa su.

26 ga Afrilu

An yi hutun Ista, aji zai dawo Laraba mai zuwa. Darussa goma sun kammala, an naɗi takwas. Mai shagon bugawa ya ba da farashi, dattawa za su duba a zamansu na wata.

Darasi na 11 ne ya tsaya mini. Tambayar wata budurwa ce tun makon Amos: in al'umma ce ta yi laifi, me ya sa wanda bai yi ba zai sha tare da su? Ezekiyel 18 kamar ta amsa: mutane suna karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, Ubangiji ya ce a daina faɗin haka, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Irmiya 31 ma ta kawo karin maganar ta ƙi ta. Amma 2 Sarakuna 24 ta ɗora faɗuwar Yahuza a kan zunuban sarki Manassa, wanda ya mutu shekaru da dama kafin nan. Makoki 5 na cewa kakanninmu sun yi zunubi, ba su nan, mu ne ke ɗauke da laifinsu. Ezekiyel ɗin nan kansa a sura 21 ya ce takobi zai datse adali da mugu, shi ma ai a cikin kamammu yake, Irmiya kuma a Masar labarinsa ya ƙare.

Na yanke shawarar ba zan daidaita su da ƙarfi ba. Zan jera nassoshin a shafi ɗaya, in nuna wa kowane yake magana da kuma a wane hali: masu Makoki suna kuka a kan kango, Ezekiyel kuwa yana magana da mutanen da suka mayar da laifin iyaye dalilin naɗe hannu. In ce a fili cewa yaƙi da yunwa ba sa tambayar suna, amma sura 18 ta hana kowa cewa an riga an rufe masa ƙofa. Sauran a bar wa aji. Mai koyarwa zai samu tambayoyi huɗu, ba tare da amsa a bayan littafi ba.

Darasi na 12 zai ɗauki Ezekiyel 33 da 36, mai tsaro a kan garu da alkawarin sabuwar zuciya. Ina so in gama daftarinsa kafin ruwan shuka ya sauka, domin daga nan rabin ajin gona za su nufa, masu bishara ma haka.